Me ya sa abokin tafawa ke cin amana a resilin?

Wani matashi da ke bibiyar abin da nake rubutawa a kan resilin ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Yaya, wai me ya sa duk 'yan biyun da muka ƙwallafa rai a kansu, ƙarshenta sai ɗaya ya juya wa ɗan'uwansa baya ya koma bos? Kuma da zarar ya juya sai ka ga ya canja kaya, ya canja tafiya, wani har suna yake canjawa. Faɗan gaske ne ke raba su, ko kuwa shiri ne?"

Ƙanena, shiri ne. Kamfanin resilin yana da marubuta, yana da mai yanke hukuncin ƙarshe, su suke tsara wanda zai ci da wanda za a kayar, da wanda zai zama akta da wanda zai zama bos. Faɗuwar da kake gani da karaya da targaɗe duk gaske ne, amma labarin rubutacce ne. Ka ɗauke shi kamar fim ɗin da ake yi a gaban dubban mutane kai tsaye, inda babu damar a ce a tsaya a sake. Sai dai wannan amsar ba ta ƙosar da kai ba, na sani, don ni ma ba ta ƙosar da ni. Tun zamanin kaset nake kallon wasan nan, kuma na sha ganin magidanci da gemunsa ya miƙe tsaye a gidan kallo yana nuna talabijin da yatsa yana Allah wadai, alhali ya fi kowa sanin shiri ne. Abin da ke motsa shi yana cikin yadda aka gina wasan biyu-biyu tun daga tushe.

Ka lura da kyau in ana wasan. Mutum ɗaya ne daga kowane ɓangare yake cikin ringi, ɗayan yana tsaye a waje riƙe da igiya, ba shi da ikon shiga sai abokinsa ya tafa masa hannu. Miyagun sai su ja akta ɗaya zuwa kusurwarsu, su yi ta jibgarsa suna karɓa-karɓa. Shi kuwa yana jan ciki, yana miƙa hannu, abokinsa ma ya miƙo nasa har kamar zai faɗo ciki. Saura ƙiris yatsu su haɗu sai a janyo shi ta ƙafa. Wani lokaci ma su tafa, amma alƙalin wasa bai gani ba saboda an ɗauke masa hankali, sai ya kori mai ceton ya koma waje, jama'a su yi kamar su cinye shi ɗanye. Ricky Morton na Rock 'n' Roll Express ya shahara da wannan aikin shan dukan a shekarun 1980, har 'yan sana'ar suka riƙa kiran matsayin da sunansa. Ana ja ana ja har minti goma, sannan a tafa, filin ya ɗauka da sowa. To duk mako abin da ake koya wa zuciyarka ke nan: in wuya ta yi wuya, hannun nan yana nan yana jira. Ranar da aka janye shi, shekara nawa ka yi kana kallo, duk a kanka za su zubo.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili shi ne na Strike Force, wato Tito Santana da Rick Martel, a WrestleMania V, babban wasan shekara na kamfanin WWF (wanda daga baya ya koma WWE), cikin 1989. Suna karawa da Arn Anderson da Tully Blanchard, Santana ya taso da dukansa na damtse ya sami Martel bisa kuskure. Daga baya Santana ya sha wuya ya rarrafo ya miƙa hannu, Martel ya ƙi karɓa, ya sauka ya yi tafiyarsa. Ko yatsa bai ɗaga masa ba, amma a daren ya zama abin ƙi. Ba a jima ba ya fito da sabuwar kama ta ɗan gayu mai ji da kyau, The Model, yana yawo da turare yana fesa wa mutane a ido.

Nan ne maganar canja kaya ta shigo. Kowane ɗan resilin yana da abin da suke kira gimik, wato halin da yake sanyawa kamar riga: sunansa, kayansa, kiɗan shigowarsa, yadda yake magana, har yadda yake taka ƙasa. Kusan abin da laƙabi da kirari suke yi wa ɗan dambe ne a wajenmu, tun kafin ya ɗaure hannu ka san wa ya shigo fili. Bambancin 'yan biyu shi ne riga ɗaya ce mutum biyu suka shiga. Kaya iri ɗaya, kiɗa ɗaya, suna ɗaya. Muddin Shawn Michaels yana sanye da tsummokara masu ƙyalli irin na Marty Jannetty, ba Shawn Michaels ake gani ba, rabin tawagarsu ta Rockers ake gani. In kamfani ya hango cewa ɗaya daga cikinsu zai iya cika fili shi kaɗai, dole a cire shi daga rigar, kuma hanya mafi sauri ita ce a sa shi ya yage ta a gaban jama'a. Ƙiyayyar da zai samu a dare ɗaya ta fi abin da zai tara a shekara guda yana zagin 'yan kallo.

Bari in tsaya a kan Rockers ɗin, don duk wanda ya zo bayansu daga gare su ya kwafa. Sun shekara kusan huɗu a WWF suna burge yara da 'yan mata da tsalle-tsalle da sauri, a zamanin da ƙarti masu ƙirar samudawa ke mulkin wasan. A Oktoban 1990 har sun kayar da tawagar Hart Foundation sun ɗauki kambun biyu-biyu, amma igiyar sama ta tsinke ana cikin wasan, kamfani ya ƙi nuna shi, aka mayar da kambun kamar ba a yi ba. Daga ƙarshen 1991 aka fara shuka saɓani a hankali. A babban wasan Survivor Series na shekarar, Jannetty ya ɗaga abokin karawa, ƙafar mutumin ta bugi Michaels a fuska, aka danne shi aka fitar da shi, ya tashi yana yi wa Jannetty masifa. Mako bayan mako ana ƙara gishiri.

Sai aka kira su shirin hira na Brutus Beefcake, wanda aka ƙawata kamar shagon aski, da kujera da tagar gilashi. An nuna shi a Janairun 1992. Tun daga shigowa idonka zai gaya maka akwai magana: Michaels ya zo cikin baƙar jaket ta fata, babu ko ɗigon kalar Rockers a jikinsa. Jannetty ya yi magana ta hankali, ya karɓi nasa laifin, sannan ya ce zai juya baya, in Michaels yana son tafiya ya tafi, in kuma yana son su ci gaba ya tsaya su gaisa. Ya juya. Michaels ya ɗan yi jim, ya juyo da shi, suka yi musabaha, ya ɗaga hannunsa sama, jama'a suka ɓarke da murna. Murnar ba ta sauka ba ya ɗauke shi da ƙafa a haɓa. Ya tattaro shi daga ƙasa ya cusa kansa ta cikin gilashin tagar. Jannetty na kwance cikin jini, shi kuma ya ɗauki mujallar da ke da hotonsu su biyu ya yaga ta. Bobby Heenan, mai sharhin da kullum ke goyon bayan miyagu, har cewa ya yi wai Jannetty ne ya yi ƙoƙarin tserewa ta taga don tsoro. Ranar da na fara ganin kaset ɗin, ɗakin kallon ya yi tsit na ɗan lokaci, sai wani yaro da ke zaune a ƙasa gaban benci ya ce da ƙarfi, "Amma fa sun gaisa!" Shi ke nan abin da marubutan suke nema. Da dukan kawai aka yi, da an manta. Gaisuwar da ta riga shi ita ta sa har yau ake maganarsa.

Michaels ya fito da sabuwar riga cikakkiya: Heartbreak Kid, mai son kansa, Sensational Sherri na riƙe masa madubi yana duba fuskarsa kafin wasa. Kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki kambun Intercontinental, a 1996 ya zama zakaran kamfanin gaba ɗaya. Jannetty fa? Ya dawo, har ya ƙwace kambun daga hannun Michaels a Mayun 1993, amma da kayan Rockers ya dawo, da kiɗan Rockers, kamar mutumin da aka rushe gidansu yana yawo da makullin ƙofa. Matsalolinsa na wajen fili sun taimaka wajen durƙushewarsa, ba na musu. Duk da haka abin yana ci mini rai, domin ya zama al'ada: a ɗinka wa maci amana sabuwar riga tun kafin ranar, wanda aka ci amanarsa kuwa a bar shi da tsohuwar. Har ta kai a tsakanin masu kallo, in aka ce wane ne Jannetty na wannan tawagar, ana nufin wanda za a bari a baya. Mutumin da ya iya wasa ƙwarai, sunansa ya koma abin gori.

Abu na biyu da ke sa juyawa ta kama zuciya shi ne dalili. Ruwa ba ya tsami banza, kuma bos ɗin da ya fi daɗin kallo shi ne wanda in ka zauna ka yi tunani za ka ce, ai kuwa yana da 'yar gaskiya. Dubi Mega Powers, Hulk Hogan da Randy Savage. Sun haɗe a ƙarshen 1987, Savage ya ɗauki babban kambu a WrestleMania IV da taimakon Hogan, matar Savage, Miss Elizabeth, tana raka su su biyun. Shekara guda cur ana dasa abubuwa ƙanana. Hogan ya rungumi Elizabeth wajen murnar nasara, kyamara ta ɗan haska fuskar Savage yana harara, a wuce kamar ba komai. A Royal Rumble na 1989, wasan da ake fitar da mutum ta hanyar jefo shi waje daga ringi, Hogan ya jefo Savage waje, aka ce kuskure ne. Ranar 3 ga Fabrairu, 1989, a Milwaukee, suna karawa da Akeem da Big Boss Man, aka wurgo Savage waje ya faɗa kan Elizabeth ta suma. Hogan ya sungume ta ya yi ɗakin jinya da ita, ya bar abokinsa shi kaɗai a hannun ƙarti biyu. Da ya dawo yana neman a tafa masa, Savage ya tafa masa a kunci, ya ɗauki kambunsa ya fice. A ɗakin jinyar, Elizabeth na kwance tana roƙonsu, Savage ya zarge shi da sa wa matarsa ido da kuma ƙyashin kambunsa, ya rafka masa kambun a ka. Ka gaya mini, wane namiji ne zai ga wani ya ɗauki matarsa a hannu ya bar shi ana dukansa, ya ce ba komai? An yi masa fentin mugu, kishinsa ya wuce gona da iri, amma ba daga sama ya faɗo ba. Shi ya sa karawarsu a WrestleMania V ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin da kamfanin ya ci a wancan zamani. Irin wannan ne na Owen Hart da ya shure ƙafar yayansa Bret mai ciwo a Royal Rumble na 1994: ƙanen da ya gaji da zama a inuwar wansa. Duk gidan da ke da 'ya'ya maza an san wannan ciwon.

A zamaninku kuma, na san Shield ce ta fi tsaya muku, wato tawagar Seth Rollins da Roman Reigns da Dean Ambrose. Ranar 2 ga Yuni, 2014, kwana ɗaya bayan sun lallasa Evolution, tawagar Triple H, lokacin da babu wanda ke zaton komai, Seth Rollins ya ja da baya da kujerar ƙarfe a hannu ya shimfiɗa wa Roman Reigns ita a gadon baya. Abin da ya sayar da wannan daren fuskar Dean Ambrose ce, baki buɗe, yana kallon Reigns a ƙasa yana kallon Rollins, ya kasa haɗa lissafin. A nan ba a yi dogon shiri a fili ba, amma an biya bashin daga baya: Rollins ya ce shi ya gina tawagar, ba 'yan'uwansa ba ne, abokan kasuwanci ne. Ya ajiye rigar sulken Shield, ya koma ɗan lelen Triple H, mai faɗa a ji a kamfanin, ya ɗauki jakar Money in the Bank a watan, wadda ke ba mai ita damar neman babban kambu duk lokacin da ya ga dama, ya zama zakara a WrestleMania 31. Kuma a wannan karon ba a yar da sauran biyun ba, kowannensu ya riƙe babban kambu daga baya.

Kwatanta shi da abin da aka yi a Oktoban 2018. A daren da Reigns ya fito ya sanar da cewa sankarar jini ta dawo masa, wanda gaskiya ne ba shiri ba, a daren Ambrose ya juya wa Rollins baya jim kaɗan bayan sun ci kambun biyu-biyu. Dukan ya girgiza mutane matuƙa. Amma da aka zo bayani sai aka rasa abin faɗa, aka ɓuge da sa Ambrose yana toshe hanci wai 'yan kallo wari suke, yana zuwa da abin rufe fuska na kariya daga guba. Cikin 'yan watanni wutar ta mutu, a 2019 Ambrose ya bar kamfanin. An sami daren, ba a tanadi washegari ba.

Akwai kuma tawagar da rabuwa ba ta karɓe ta sam, don rigar ita ce su. Da aka raba Dudley Boyz, wato Bubba da D-Von da suka shahara da fasa tebur da abokan karawa, a 2002, aka mai da D-Von mai wa'azin coci yana yawo da akwatin tara kuɗi, jama'a tebur kawai suke nema a fasa, kafin shekara ta ƙare aka mayar da su tare. Sai a 2010, a kamfanin TNA, Bubba ya sami rigar da ta zauna masa, Bully Ray, har ya kai ga babban kambu a 2013. Shekara takwas tsakanin yunƙurin farko da wanda ya yi kyau.

Ba kullum ne ɗaya ke juya wa ɗaya ba, wani lokaci tawagar ce gaba ɗaya take juya wa 'yan kallo, kuma labarin New Day ya fi kowanne koyarwa. Kofi Kingston ɗan Ghana ne, a Kumasi aka haife shi, amma da ya fara fitowa a 2008 ɗan Jamaika aka ce shi ne, da harshen aro da komai, sai a 2009 aka bar shi ya koma ɗan ƙasarsa. A ƙarshen 2014 aka haɗa shi da Big E da Xavier Woods a matsayin aktoci masu fara'a da tafi irin na mawaƙan coci. Jama'a suka ƙi su ƙememe, suka mai da tafin nasu waƙar ature. Maimakon a jefar da rigar, a Afrilun 2015 sai aka juya ta ciki waje: murmushin nan dai, tafin nan dai, amma yanzu suna maguɗi, suna wa'azin kyakkyawan zato alhali suna riƙe ƙafar abokin karawa ta bayan alƙali, Woods yana busa ƙaho a gefen ringi don ya ƙular da mutane. Abin da aka ƙi su dominsa shi ya zama makaminsu. Suka yi ta ba da dariya har aka dawo ana son su, suka riƙe kambu kwana 483, suka karya tarihin Demolition na kwana 478.

Shekara goma suna cewa su ba za su taɓa rabuwa ba, kuma mun yarda. Da Kofi ya ci babban kambu a WrestleMania 35 cikin 2019, sauran biyun kuka suka yi don murna, babu wanda ya ɗauko kujera. Sai Big E ya karye a wuya a Maris 2022, karaya ta gaske da ta hana shi wasa. Ranar 2 ga Disamba, 2024, wajen bikin cikarsu shekara goma, ya fito ya ce tunda ba zai iya kokawa ba, zai dawo ya zama manajansu. Kofi da Woods suka dube shi suka ce ai shi ya gudu ya bar su, ba sa bukatarsa. Babu shuri, babu gilashi. Ya juya ya fita shi kaɗai a hankali. Makonnin da suka biyo baya, in suka ɗauki makirufo ihun jama'a ba ya barin a ji abin da suke faɗa. A ganina tun bayan shagon askin nan ba a yi juyawar da ta kai wannan ciwo ba, saboda shekara goma aka yi ana tara amanar da aka kashe a daren.

Game da ko faɗan gaske ne, wani lokaci akan sami saɓani a bayan fage, Michaels da Jannetty ma sun sha samun nasu. Amma mafi yawan lokaci akasin haka ne. Ka yi tunani: wa za ka yarda ya kama ƙeyarka ya tura kanka cikin gilashi, ko ya ɗaga ka ya maka bayanka a gefen ringi inda ƙarfe yake? Sai wanda ka amince ba zai naƙasa ka ba. Kevin Owens da Sami Zayn aminai ne tun suna yawon ƙananan filaye a Kanada. A Disambar 2014, daren da Zayn ya ci kambun NXT, sashen masu tasowa na kamfanin WWE, Owens ya rungume shi, suna fita ya fyaɗa shi da ƙasa ya maka shi a gefen ringi. Sun yi ta yin wannan rawa shekara da shekaru, yau abokai gobe maƙiya, har suka ci kambun biyu-biyu tare a WrestleMania 39 a hannun Usos, waɗanda suka riƙe shi kwana 622. Haka Tommaso Ciampa da Johnny Gargano a Chicago cikin Mayun 2017: an gama wasa, an sa tambarin rufe shiri a ƙasan allo, kowa ya saki jiki, sannan Ciampa ya kama abokinsa ya buga shi da allon fitilu. Da ya dawo daga jinyar gwiwa, ko kiɗan shigowa bai yarda a sa masa ba, ihun tsinuwar jama'a ya zama kiɗansa.

In kana son ka riƙa hango abin kafin ya faru, ga inda nake sa ido. Duba kaya tukuna: ranar da ɗaya ya fara zuwa da kalar da ba ta ɗan'uwansa ba, ko ya canja aski, an fara auna masa sabuwar riga. Saurari masu sharhi, in suka fara yabon ɗaya su kaɗai, ko suna yawan nanata cewa waɗannan ai hanta da jini ne, ba a banza suke faɗa ba, an ba su umarni ta abin kunne. Ƙirga kuskuren da ake yi, duka ya kauce ya sami aboki sau ɗaya, sau biyu. Sannan in an faɗi wasa, kada ka kalli wanda aka danne, kalli wanda ke tsaye a waje da inda idonsa yake. In kuma ka ga an shirya musu biki a tsakiyar ringi, da kyaututtuka da hotunan tuna baya, kamar wanda Chris Jericho ya shirya wa abokinsa Owens a Las Vegas a Fabrairun 2017, to ka gyara zama. A wannan daren Owens ya ba shi kyautar sabon allon rubuta sunayen maƙiya, Jericho yana murna ya ɗaga shi, sai ya ga sunansa ne a rubuce a kai.